Buxton ko Wexford: Ina Za A Je Kallon Opera?

Hausawa mazauna Birtaniya da suka fara sha'awar opera, wasan da ake rera dukan zancensa ko mafi yawansa da waƙa, suna yawan tambayata wanne za su fara zuwa tsakanin bukukuwan opera biyu da ake yi duk shekara: na garin Buxton a Ingila da na garin Wexford.

Buxton ya fi sauƙin kaiwa. Daga Manchester tafiyar kusan awa ɗaya ce a jirgin ƙasa, kuma a watan Yuli ake bikin, rana na daɗewa ba ta faɗi ba. Gidan wasan tun 1903 yake tsaye, ga zaman tattaunawa da marubuta da rana.

Wexford kuwa a Ailan yake, sai an tsallaka teku, kuma mai fasfon Najeriya sai ya nemi biza daban, ta Birtaniya ba ta wadatar. Ga kuɗin jirgi da masauki, ga sanyin Oktoba. Amma tun 1951 masu shirya bikin suke tono wasannin da duniya ta manta, waɗanda da wuya ka sake ganinsu a wani dandali. Wannan kaɗai ya sa nake girmama su.

Sabon shiga mai lissafin aljihu, Buxton ya ishe shi. Wanda kunnensa ya riga ya saba, yana neman abin da bai taɓa ji ba, ya nufi Wexford.