BNP da NT-proBNP: lambar Baba ce ta hau ko gwajin aka canza?

Ɗan uwa da ya yi tambaya jiya, ka ce Babanku mai kumburin zuciya an mai gwajin jini na BNP, mai nuna gajiyar zuciya, wata biyu baya ya fito 800, yanzu a wani leb ɗin an yi NT-proBNP ya fito 4,500, gida duk hankali ya tashi. Toh Allah ya ba Baba lafiya, amma ka kwantar da hankalin Mama tukunna, don waɗannan lambobin biyu ba a jera su. Kamar ka auna gero da tiya ne yau, gobe ka auna da gwangwani ka ce ya ƙaru.

Uwarsu ɗaya dai. In zuciya ta gaji ruwa ya taru bangonta ya miƙe, sai ta saki wani sinadari cikin jini, shi ne yake rabewa biyu. BNP shi ne mai aikin, yana sa ƙoda ta fitar da gishiri da ruwa, jijiyoyi su saki. NT-proBNP ɗin ɓawo ne kawai, ba ya komai. Amma shi BNP cikin kamar minti 20 rabinsa ya bar jini, ɗayan kuwa sai ya kai awa ɗaya zuwa biyu, shi ya sa yake taruwa lambarsa ta ninka ta BNP sau da yawa a jikin mutum ɗaya rana ɗaya. Ko ma'aunin likitoci daban ne, in mutum ya zo yana haki BNP ƙasa da 100 ko NT ƙasa da 300 ake cewa da wuya zuciya ce. Kuma shi NT shekaru na taɓa shi sosai, lambar da in an haura ta ake zargin zuciya ita ce 450 ga wanda bai kai shekara 50 ba, 900 daga 50 zuwa 75, wanda ya haura 75 kuma 1,800.

Inda na fi so ka kula shi ne magani da ƙoda. In Baba yana shan Entresto, wani maganin kumburin zuciya, maganin yana hana jiki narkar da BNP, so lambar na iya hawa alhali mutum sauƙi yake samu, NT kuwa ba ruwansa da wannan, ni a ganina shi ya fi dacewa da mai shan sa. A ɗaya gefen, ƙoda in ta fara rauni, wanda kuma masu ciwon da ya yi nisa da yawa haka suke, NT ya fi tashi. Mai ƙiba dukkansu biyun ƙasa suke fitowa, kar a ga lamba ƙarama a saki jiki.

Gaskiya 800 da 4,500 duka sama suke, ba zan ɓoye maka ba, amma ba su nuna an ci gaba ko an koma baya ba. Likita zai haɗa da sauran takardun, kiriyatinin na ƙoda, sodiyom in ya sauka ƙasa da 135, ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, sai tiroponin mai nuna raunin naman zuciya, wanda a irin wannan ciwon yakan ɗan tashi ya zauna wuri ɗaya, ba kamar na bugun zuciya, wato heart attack, da ke hawa ya sauka ba.

Ku tsaya kan gwaji ɗaya a leb ɗaya, ku riƙa auna nauyinsa kullum da safe, in kilo 2 ya ƙaru cikin kwana 3 ko ƙafa ta kumbura ko ya kasa kwanciya sai da filo uku, asibiti kawai. Ka turo mana sunayen magungunan da yake sha.