Gargaɗi ga masu jinyar raunin ƙwaƙwalwa game da masu tallar ƙwayoyin "gyaran ƙwaƙwalwa"

Na yi kusan shekara guda ina jinyar ƙanina bayan hatsarin da ya bugu a kai, kuma a cikin wannan lokaci na ga wata sana'a da ban san da ita ba a da, wato sana'ar bibiyar iyalan majinyata da kwalaben bitamin da ƙwayoyin ƙarin kuzari waɗanda ake cewa suna farfaɗo da ƙwaƙwalwar da ta ji rauni. Ba su zo mana ba sai da na shiga wani zauren masu jinya a Facebook na yi tambaya guda ɗaya game da mantuwa da ciwon kan da yake fama da su. Kafin kwana biyu saƙonni sun cika wayata, kowanne ya fara da jaje da addu'a, sannan labarin wani ɗan uwa da likitoci suka cire rai da shi amma ya miƙe bayan shan kwalba uku.

Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, kuma a kan wannan halin ne aka gina damfarar baki ɗaya. Abin da masu tallar suka sani, mu kuma ba mu sani ba a lokacin, shi ne cewa ƙwaƙwalwa tana samun sauƙi da kanta. Yawancin waɗanda suka sami buguwa mara tsanani alamominsu kan lafa cikin makonni biyu zuwa huɗu, su kuwa masu rauni mai tsanani mafi yawan ci gaban da za a gani yakan zo ne a watanni shida na farko, sannan ya ci gaba a hankali. Saboda haka duk abin da aka ba majinyaci a wannan tsakani, ko da garin alli ne a cikin kwanso, faɗuwa za ta zo daidai da zama. Majinyaci ya fara gane mutane, harshensa ya saki, iyali su ce maganin ne, mai talla kuma ya karɓi bidiyon godiya ya tafi da shi gidan wani. Waɗanda suka sha ba su ga komai ba, babu wanda ya ɗauki bidiyonsu.

Wannan magana ba ra'ayina ba ne ni kaɗai. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fara aika wa kamfanoni wasiƙun gargaɗi a kan irin wannan iƙirari tun 2012, kuma ta sanar wa jama'a a fili cewa babu wani ƙarin abinci, wato irin waɗannan ƙwayoyin bitamin da na ganye, da aka tabbatar yana hana buguwar ƙwaƙwalwa ko yana warkar da ita. Akwai kuma sinadarin sitikolin, wanda har yau ake sa shi a gaban kwalabe da manyan haruffa. An gwada shi a kan majinyata 1,213 masu raunin kai a cibiyoyin kula da hatsari na Amurka, ana ba su miligiram 2,000 kullum har kwana 90, sakamakon da mujallar likitanci ta JAMA ta buga a 2012 ya nuna ba su fi waɗanda aka ba ƙwayar banza marar magani a ciki samun sauƙi ba. Mai talla ba zai ambaci wannan ba, zai dai turo maka binciken da aka yi a kan ɓeraye.

Tambarin da ya fi ruɗar mutane shi ne rubutun da ke cewa FDA ta amince da kayan. A ƙarƙashin dokar Amurka ta 1994, hukumar ba ta tantance ƙarin abinci kafin ya shiga kasuwa kamar yadda take yi wa magunguna, saboda haka duk kwalbar bitamin da ta yi wannan iƙirari ƙarya take yi tun daga bangonta. Wasu sukan yi wayo su rubuta cewa an haɗa kayan a masana'antar da ke da rajista, alhali rajistar gini ba shaidar ingancin abin da ke cikin kwalba ba ce. Abin da ke ciki ma ba koyaushe ne ya dace da abin da aka rubuta ba: a 2020 Dakta Pieter Cohen na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa sun auna wasu ƙwayoyin ƙara kaifin ƙwaƙwalwa da ake sayarwa a intanet, suka sami magungunan da ba a amince da su a Amurka ba, irin su fenibut da binfosetin, wasu ba a ko ambace su a jikin kwalbar ba.

Da asarar kuɗi ce kawai da na yi shiru. Mai raunin kai yawanci yana kan magunguna masu buƙatar kulawa, musamman na hana farfaɗiya da na hana daskarewar jini, kuma a nan ne ake zuwa neman gira a rasa ido. Ganyen ginko, wanda ake sawa a cikin haɗe-haɗen ƙwaƙwalwa da yawa, yana iya ƙara haɗarin zubar jini ga mai shan maganin hana daskarewar jini irin su warfarin ko asfirin, haka ma bitamin E idan ya yi yawa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda jini ya taɓa taruwa a kansa. Ganyen da ake kira St John's wort, da ake tallatawa don damuwa, yana sa hanta ta gaggauta kawar da magunguna da dama daga jiki har su rasa ƙarfi, sannan yana haɗuwa da magungunan damuwa irin su satralin ya haifar da matsala mai hatsari. Bitamin B6 da ake cewa abincin jijiya ne, idan aka daɗe ana shansa da yawa shi kansa yana lalata jijiyoyi, ya kawo dindiris a hannu da ƙafa, abin da iyali za su ɗauka daga raunin ne su ƙara yawan ƙwayar. Bitamin A kuwa yana taruwa a hanta, kuma yawansa yana iya ɗaga matsin ruwan da ke cikin ƙoƙon kai.

Mafi munin abin da na ji daga bakin ɗaya daga cikin masu tallar shi ne shawarar mu rage maganin farfaɗiya domin wai yana toshe aikin haɗin nasa, kuma idan jiri ko amai ya ƙaru kada mu damu, dafi ne yake fita. Amai da ƙaruwar ciwon kai da yawan barci ga mai raunin kai alamu ne na a koma asibiti nan take. Daga ranar na toshe lambarsa.

Ta fuskar kuɗi, dabarar da aka fi yi ita ce kwalbar gwaji kyauta wadda za ka biya kuɗin aikowa kawai da katin banki, daga baya a riƙa cire maka kuɗi kowane wata bisa wani sharaɗi da aka ɓoye a ƙananan haruffa. Ɗayar kuma ita ce a ce ka zama wakili ka sami ragi, sai mai jinya ya koma yana tallata wa sauran masu jinya, da zuciya ɗaya, abin da shi ma aka yaudare shi da shi.

Ba ina cewa bitamin ba shi da gurbi a jinya ba. Wanda ya daɗe a kwance ba ya ganin rana yana iya rasa bitamin D, wanda ba ya iya haɗiya sosai yana buƙatar ƙarin abinci mai gina jiki, wani kuma yana da ƙarancin B12 ko sinadarin ƙarfe, amma gwajin jini ne yake nuna haka, likita ko masanin abinci ne kuma yake faɗin nawa za a sha da tsawon lokacin. Ƙanina ma an rubuta masa bitamin D bayan gwaji, kwalba ce ta kantin magani mai sinadari guda ɗaya da adadinsa a rubuce. Idan za a sayi wani abu, a nemi mai hatimin masu gwaji masu zaman kansu irin su USP ko NSF, tare da sanin cewa hatimin yana tabbatar da abin da ke ciki ne kawai, ba ya cewa yana warkar da ƙwaƙwalwa. Sauran kwalaben da 'yan uwa masu kyakkyawar niyya suka kawo mana, na zuba su duka a jaka na kai wa mai harhaɗa magunguna na asibitin tare da takardar magungunan da yake sha, ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya ware biyu masu ginko ya ce kada su sake shiga ɗakin majinyacin.