Ziyara da Ƙafa ko Kiran Waya ga Ɗan'uwa Mai Kaɗaici

Tun kullen korona na Afrilun 2020, lokacin da aka rufe majami'u a Kano, 'yan'uwa a Sabon Gari suke yawan tambayata: ga tsoho ko majinyacin da ke zaune shi kaɗai, ziyara ta fi ko kiran waya?

Waya ta fi araha da sauƙi, domin babu kuɗin adaidaita sahu, babu kuma haɗarin kai cuta ko ɗauko ta. Sai dai murya ba ta riƙe hannu. A Markus 1:41 Yesu ya miƙa hannu ya taɓa kuturun da Shari'ar Musa ta ware daga jama'a, alhali kalmarsa kaɗai ta isa, kamar yadda ta isa ga bawan jarumin soja da ya warkar daga nesa. Yaƙub 5:14 kuma ya ce dattawan ikilisiya su shafa wa marar lafiya mai, abin da waya ba za ta taɓa yi ba. A ganina, gwauruwar da aka dafa kafaɗarta takan daɗe tana tunawa.

Waya ta dace da mai cuta mai yaɗuwa da wanda ke nesa. Ziyara kuwa ta dace da tsofaffi da masu makoki.