KGF ko Kaithi, wanne za ka sa a katinka?

Ƙanena da ka tambaya jiya da dare cewa katin wayarka ya cika, fim guda kawai zai shiga, tsakanin KGF da Kaithi wanne za ka turo a fada ku kalla, kuma ko ƙannenka na iya zama wurin, to ga abin da ni na gani don duka biyun na kalle su fassarar Hausa ba sau guda ba.

KGF na Yash ne, fim ɗin Kannada, kashi na farko ya fito 2018 na biyu 2022, Prashanth Neel ya ba da umarni. Labarin Rocky ne, yaron da uwa tai ta mutu cikin talauci ta sa shi alkawalin ko mi za a yi sai ya mutu da dukiya, ya zama ɗan daba a Bombay har anka aike shi mahaƙar zinare ya kashe Garuda, ɗan mai mahaƙar. Wurin ma ba ƙirƙira ba ne, akwai mahaƙar Kolar a jihar Karnataka, an ruhe ta 2001, labarin ne dai anka tsara. Abin da ya kama ni a kashi na farko bayin nan da ake tarawa cikin rami, da tsohon makahon da za a kashe don ba shi da amfani kuma. Mu da munka ga samarinmu na kwasa zuwa rijiyoyin zinare na Ɗan Isa a jihar Maradi, har rami ya rufta da mutane a Nuwamban 2021, wannan wurin ba ya yi muna kama da wasa. Amma daga nan fa sai kuri. Rocky baya ciwo baya tsoro, mutum hamsin su taho ya watsa su gashin kai nai ko motsi bai yi ba sai in iska anka kunna mai, kiɗan Ravi Basrur kuma shina ta dukan kunne tun farko har ƙarshe, yankan hoton sauri-sauri har ido ya yi yaji. A kashi na biyu da ya kahe babbar bindiga gaban komisariya ya ragargaza motoci sannan ya kunna taba da bakinta da ya yi ja, fadarmu duka anka tashi ana ihu har butar shayi ta kihe bisa gawayi, nima na yi ihun ba zan ɓoye ba. Sai daga baya ka tuna mutumen nan mai kisa ne da ya sato mace ya aje gida tai, fim ɗin kuma ya wanke shi tas. Sanjay Dutt ma da anka yi ta zuzutawa a matsayin Adheera abokin gabar Rocky, shiga ce kawai da zanen fuska.

Kaithi kuwa na Karthi ne, fim ɗin Tamil na 2019 daga Lokesh Kanagaraj, babu waƙar rawa babu budurwa, dare guda tak. Dilli ya fito gidan kaso bayan shekara 10, burin shi ya ga ɗiya tai da bai taɓa gani ba a gidan marayu, har da 'yan kunne ya sawo mata. Sai wani ɗan sanda Bejoy da hannu nai ke ɗaure ya tilasta mai tuƙa kamiyo cike da 'yan sandan da anka sa ma ƙwaya a abin sha, a kai su asibiti kafin su mutu, 'yan hodar iblis na tare hanya. Nan zuciyarka ke bugawa don Dilli na da abin da zai rasa, ana sukar shi da wuƙa shina faɗuwa, kana ta lissafin ko gari zai waye mai. Wurin da ya zauna gaban bokitin biriyani shina ci da ankwa rataye a hannu, walle wanda ya taɓa kai ma ɗan'uwa tuwo gidan kaso ya san wannan cin.

Aibin shi duhu. Duka fim ɗin cikin dare ne, in a ƙaramar waya za ku kalla ku shida kun haɗa kai rabin faɗan inuwa za ku gani, gara ku samu tele ranar da kuran ya zauna. Ƙarshen ma sun ɗan zuba ƙarya, shima babbar bindiga anka damƙa mai kamar dai sun ji kishin irin su Rocky. Kuma kada mai turin finafinai ya haɗa ka da Bholaa na Ajay Devgn, wannan maimaici ne na 2023 da anka cika ma gishiri.

Ni Kaithi zan sa. KGF kashi na biyu kaɗai ya kusa awa uku, kuma in ba ka ga na farko ba ɓata za ka yi, wato wurin fim biyu zai ci maka. Maganar ƙanne kuwa ko guda kada su zauna, amma na fi jin tsoron KGF gare su duk da Kaithi ma jini ne, don ba a taɓa ganin yaro na kwaikwayon Dilli ba, shi kuwa Rocky ɗan maƙwabcinmu da ke CM2, ajin ƙarshe na firamare, sati guda ya yi shina yawo da guduma a kafaɗa da karan dawa a baki kamar taba, sai da uwa tai ta ɓoye gudumar cikin rumbu.