Gargaɗi kan masu sayar da katin nutso na kwana ɗaya a Bahar Maliya

'Yan uwa da ke zaune a Masar, musamman ɗalibanmu na Alkahira da ke fita hutu Dahab, Sharm ko Gardaƙa, don Allah ku karanta wannan kafin ku tura wa wani ko sisi. Akwai tallan da ke yawo a zaurukanmu na WhatsApp: wai za a koya maka nutso da tukunyar iska a yini ɗaya, a ba ka kati da duniya ta yarda da shi, a rabin kuɗin da cibiyoyi ke karɓa, har da alkawarin sama maka aiki a kamfanin mai idan ka koma gida. Mai tallan Hausa yake ji kamar ni da ku, shi ya sa mutane ke sakin jiki da shi. Dillali ne kawai, kamasho yake ci, ya miƙa ka ga wani mutum a bakin teku.

Ƙanena ne ya faɗa hannunsu. Bai gaya mini ba sai da abin ya faru, don ya san ni na yi wannan horon a Dahab, kuma zan hana shi. Da daddare ya kira ni murya na rawa: "Yaya, kunnena na hagu ya toshe, kuma jini ya fito mini ta hanci." Ga yadda aka yi da shi. Ba wanda ya tambaye shi ko ya iya iyo. Ba takardar lafiya. Ba darasi ko na awa ɗaya. An ɗora masa tukunya a baya, aka nuna masa alamar hannu guda biyu, mutumin ya ce masa babu matsala, ya ja shi ƙasa da hannu. Ya ce iskar da yake shaƙa tana da ɗanɗanon mai, kuma ya ga injin da ake cika tukwanen a bayan rumfa, dab da janareta mai hayaƙi. Suna ƙasa ruwa ya shiga gilashin fuskarsa. Ba a koya masa fitar da shi ba, sai ya firgita ya yi sama da gudu. Allah ne ya sa yana ihu iska na fita daga bakinsa.

Bari in tsaya a kan wannan ihun, don shi ne ya yi sanadin tsirarsa. A zurfin mita 10 matsin da ke kan jikinka ya ninka na doron ƙasa sau biyu. Iskar da ka shaƙa daga tukunya a can, idan ka riƙe numfashi ka taso, za ta kumbura har ta ninka girmanta a cikin ƙirjinka. Huhu ba ya jure wannan, yana iya yagewa ko daga 'yan mitoci kaɗan, kumfar iska ta shiga jini ta tafi ƙwaƙwalwa. Shi ya sa doka ta farko da kowane malamin kirki ke maimaitawa har ka gaji ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi. Wanda ya sa ka a ruwa bai faɗa maka wannan ba, ranka ba ya gabansa. Ɗanɗanon man nan ma ba ƙaramin abu ba ne. Idan injin cikawa ya zuƙi hayaƙin janareta, gubar hayaƙin tana shiga tukunya, kuma mutum na iya suma a ƙarƙashin ruwa ba tare da ya san me ya same shi ba.

Abin da ya ƙara tayar mini da hankali, a cikin kuɗin da ya biya har da hawan Dutsen Ɗuri Sina a daren ranar. Dutsen nan tsayinsa mita 2,285. Bayan nutso jiki na ɗauke da iskar naitirojin da ta narke a jini, tana buƙatar lokaci ta fita a hankali. Hawa tudu mai tsayi haka, ko shiga jirgin sama, yana sa ta yi kumfa kamar lemon kwalba da aka buɗe da sauri. Ƙa'idar da aka sani ita ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 idan an yi fiye da ɗaya. Na ce masa ko ƙofar mota kada ya taka, ya nemi likita. An duba shi, kunnen ya ji rauni amma dodon bai fashe ba. Alhamdulillahi.

Katin kuwa hoto ne aka turo masa a waya. Da muka kai wata cibiya mai lasisi, suka duba a kwamfuta, babu sunansa a ko'ina. Dillalin ya toshe lambarsa. Araha ba ta ado.

Horo na gaskiya ba ɓoyayyen abu ba ne. Manyan ƙungiyoyin da ke ba da shaida sanannu ne: CMAS da aka kafa a 1959, PADI a 1966, SSI a 1970, da wasu irinsu. A tsarin PADI, matakin farko da ake kira Open Water yana da karatu da jarrabawa, sannan darussa biyar a kududdufin wanka ko ruwa marar zurfi, sannan nutso huɗu a teku waɗanda ba a gama su a rana ɗaya. Dole ka yi iyo na mita 200, ka kuma tsaya a saman ruwa minti 10. Ni kwana huɗu na yi, kuma malamata ta sa na cire gilashin fuskata a ƙarƙashin ruwa na mayar sau da yawa, har sai da ta ga hannuna ya daina rawa. Bayan duk wannan, iyakarka mita 18 ce. Mataki na gaba ya kai ka mita 30. Nutson shaƙatawa gaba ɗaya ba ya wuce mita 40. Akwai nutson ɗanɗano na yini ɗaya da cibiyoyi ke yi wa baƙi, wannan halal ne, amma malami na tare da kai, ba a wuce mita 12, kuma ba a ba da katin shaida a kansa. Shi 'yan damfarar ke yi a gurguje su kira shi kwas.

Takardar lafiyar ma kada wanda ya raina ta. Tana tambaya kan asma, ciwon zuciya, farfaɗiya, ciwon kunne. A cikinmu akwai masu sikila da yawa, kuma mai sikila ba ya nutso da tukunya. Duk wanda ya ce maka ka cike "a'a" a ko'ina don a yi sauri, tashi ka bar wurin.

Kafin ka biya, ka nemi lambar malamin ta ƙungiyarsa, ka shiga shafin ƙungiyar da kanka ka duba ko shi malami ne kuma rajistarsa na aiki. Jagoran nutso da bai kai matakin malami ba, ba shi da ikon ba ka shaida, komai daɗewarsa a ruwa. A Masar akwai hukumar CDWS da ke kula da cibiyoyin nutso, ka tabbata cibiyar na cikin jerin masu lasisi. Ka je da ƙafarka ka ga inda suke cika tukwane, ka duba wuyan tukunya ka ga hatimin ranar da aka gwada ta, ka tambaya ko suna da iskar oksijin ta gaggawa da kuma ina ɗakin matsin iska mafi kusa yake, wato inda ake jinyar wanda iska ta yi kumfa a jininsa bayan nutso. Malamin kirki murna yake da irin waɗannan tambayoyin. Kuɗinka kuma ka biya a cibiya ka karɓi rasit, kada ka tura asusun dillali.

Maganar aikin kamfanin mai ƙarya ce tsagwaronta. Katin shaƙatawa, ko na gaskiya ne, ba ya ba ka aikin walda ko gyaran bututu a ƙarƙashin teku. Wannan sana'a ce daban, da makarantunta na watanni, inda galibi ake turo wa mai nutso iska ta tiyo daga jirgi, kuma kamfanoni na duba takardun da IMCA, ƙungiyar kamfanonin aikin teku ta duniya, ta amince da su. Ku tuna Harrison Okene, mai dafa abincin jirgin ruwan da ya kife a gaɓar Najeriya a 2013, ya yi kusan awa 60 a zurfin mita 30 cikin ɗan sararin iska. Da ƙwararru suka same shi ba su fito da shi kai tsaye ba, sai da ya ƙara kwanaki a ɗakin matsin iska. Irin wannan ilimin ake nema a aikin.

Tallan nasu har da alkawarin hoto a Blue Hole, wani rami mai zurfi a bakin tekun Dahab. Na je wurin. A jikin dutsen da ke kusa da mashigar akwai alluna ɗauke da sunayen waɗanda suka shiga ba su fito ba, da yawansu masu kati na gaskiya ne da suka nemi ratsa wata ƙofar dutse da ke zurfin kimanin mita 55. Idan kun ga tallan a zaurenku, ku sanar da shugabannin zauren su cire shi, ku kuma kira ƙannenku da ke shirin tafiya hutun nan ku tambaye su wa suka biya.