Biyar ko shida? Amsa kan karɓa-karɓar masu jifa a besbol

Wa alaikumus salam. Ka tambaya ko masu jifa biyar za ka riƙa juyawa wajen buɗe wasa ko shida. Ƙanena, tunda Allah ya haɗa ka da yara shida waɗanda kowannensu zai iya buɗe wasa, jera su shida, kowa ya hau tudun jifa sau ɗaya a mako. Kada ka mayar da na shidan ɗan agaji, wato mai karɓar jifa in an cire wanda ya buɗe wasa, don kawai ka ga ƙungiyar Yankees ta babbar gasar Amurka tana juya mutum biyar. 'Yan shekara 16 da 17 ne a hannunka, gasar bazara kuke yi, su kuwa can harkar kuɗi ce.

Ba likita ne ya yanke hutun kwana huɗun nan da mai jifa ke samu a tsarin biyar na babbar gasar Amurka ba, jadawali ne ya haife shi. Wasa 162 suke bugawa cikin kusan wata shida, kullum suna fili. Kowace ƙungiya 'yan wasa 26 aka yarda ta riƙe, masu jifa kada su wuce 13. In ka sa shida a layin buɗe wasa, 'yan agaji bakwai suka rage maka maimakon takwas, ga shi masu buɗewar yanzu da ƙyar suke wuce zagaye na shida cikin taran da ake bugawa, sauran ukun kullum a wuyan 'yan agaji yake. Sannan ga kuɗi. Mutumin da ake biya sama da dala miliyan 30 a shekara, mai ƙungiya so yake ya gan shi sau 32 ko 33, ba sau 27 ba. Kafin biyar ma huɗu ake yi. Ƙungiyar Orioles ta 1971 da mutum huɗu ta tafi, Jim Palmer, Dave McNally, Mike Cuellar da Pat Dobson, kowannensu ya ci wasa 20 ko fiye. Lambar canzawa take yi da zamani.

Tsarin biyar yana aiki, ban hana ba. In gwanaye biyu gare ka, sauran kuma sai a hankali, zai ba ka damar fito da biyun da yawa. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan.

Shida kuwa na gan shi da idona. A ƙungiyar samarin da nake taya horarwa akwai wani bahago siriri, ba ƙarfin jifa, in an auna gudun ƙwallonsa iyaye sai su kau da kai. Shi ne na shida a wurinmu. Abin da Allah ya ba shi shi ne sassauta ƙwallo: hannu ya fita da sauri kamar zai jefa da ƙarfi, ƙwallon ta taho a sanyaye, mai sanda ya kai duka ya sami iska. Ranar Laraba muka ba shi, ranar da 'yan kallo ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Mahaifiyarsa aikin dare take yi, tana zuwa da kayan aikinta a jiki ta zauna can ƙarshen benci, in ya fitar da mutum ta ɗaga hannu biyu ba ta ce komai. Yaron nan yakan cinye mana zagaye biyar cikin natsuwa, ba ya ba mai sanda hanya a banza, kuma saboda shi babu wanda muka taɓa roƙo ya fito kafin ranarsa. Da Yuli ya yi nisa sai ka ga bambancin. Yaran wasu ƙungiyoyi suna karkaɗa hannu bayan kowace jifa, suna murza cikin gwiwar hannu a ɓoye kada koci ya gani, ƙwallonsu tana tashi sama saboda kafaɗa ta mutu. Namu kuwa sun san makonsu: washegarin wasa gudu da miƙa jiki, tsakiyar mako gwajin jifa kaɗan, sai kuma ranarsu ta zagayo. Kamar rabon kwana ne a gidan da akwai adalci, kowa ya san ranarsa, ba ƙorafi.

Ba mu muka ƙirƙiro wannan ba. Haka ake yi a Japan, inda ake buga wasa 143, Litinin yawanci hutu, mutum shida su raba sauran kwanakin. Mai jifa ɗan Japan Yu Darvish ya faɗa a fili a 2014 cewa kwana huɗu bai isa jijiyar gwiwar hannu ta huce ba. A Amurka ma, ƙungiyar Angels da shida ta riƙa juyawa saboda ɗan Japan Shohei Ohtani. Dodgers kuma, da suka zuba dala miliyan 325 kan Yoshinobu Yamamoto, hutun kwana biyar ko shida suka riƙa ba shi. A wasannin ƙarshe na 2025 shi ya buɗe wasa na shida, washegari ya dawo ya rufe na bakwai, suka ɗauki kofi. Wanda aka yi tattalinsa tun Afrilu ne ake iya nema wa irin wannan a ƙarshen kaka. Kuma ba sai ka je Japan ba: jami'o'in Amurkan da yaranka ke mafarkin shiga, mai jifan Juma'a daban, na Asabar daban, na Lahadi daban. Sau ɗaya a mako.

Amma kada ka ɗauka hutun mako lasisi ne na barin yaro ya yi ta jifa har hannu ya tsinke. Darvish ɗin da na ambata an yi masa tiyatar gwiwar hannu a 2015, Ohtani an yi masa a 2018 da 2023. Gasar 'yan sakandare ta Koshien a Japan ita ce inda Daisuke Matsuzaka ya yi jifa 250 a wasa ɗaya a 1998, sai a 2020 suka sa iyakar 500 a mako. Kai dai riƙe ƙa'idar Pitch Smart, wadda hukumomin besbol na Amurka suka tsara don kare hannun yara: ɗan 15 zuwa 16 kada ya wuce jifa 95 a rana, in ya kai 76 hutun kwana huɗu dole, ɗan 17 zuwa 18 iyakarsa 105. A shekara kada ya wuce zagaye 100, ya kuma sami wata huɗu ba ya jifar gasa. Ni ba na ma jiran ya kai iyaka. In masu sanda sun zo ganinsa karo na uku, sun riga sun karance shi, ɗan agaji ya fara ɗumama hannu. Abin da ya fi ɓoyuwa shi ne jifar da ba ta shiga littafinka: yaron da ya sauka daga tudu ka mayar da shi mai tare ƙwallo a bayan mai sanda, ko wanda ke buga wa wata ƙungiya ranar Lahadi bai gaya maka ba. Tambayi iyayensa kai tsaye.

Wani abu da ba ka tambaya ba. Da zarar an ji kana da yara masu hannu, 'yan kasuwa za su yi maka ca. Wannan ya zo da ƙwallaye masu nauyi da alkawarin ƙarin mil biyar a gudun ƙwallo cikin mako shida. Wancan ya shirya taron baje kolin 'yan wasa, a biya kuɗi masu yawa, wai masu neman 'yan wasa na jami'o'i za su zo, ka je ka tarar da mutum biyu da na'urar auna gudu wadda kullum lambarta ta fi ta kowa daɗi. Ƙwallo mai nauyi kayan aiki ne a hannun wanda ya san jikin yaro, ba abin saya a intanet a miƙa wa ɗan shekara 16 ya je bayan gida da shi ba. In mai sayarwa bai tambaye ka jifa nawa yaron ya yi wannan makon ba, sallame shi. Akwai ma masu raɗa wa iyaye cewa tiyatar Tommy John, wato ta sauya jijiyar gwiwar hannu, tana ƙara ƙarfin jifa. Ƙarya ce. Tun da Dakta Frank Jobe ya fara ta a 1974, gyaran ɓarna ce, kuma shekara guda zuwa ɗaya da rabi take cinyewa kafin mutum ya dawo. Abin da za ka saya bai wuce ɗan maɓallin ƙirga jifa da littafi ba, ka ba wani uba mai natsuwa ya riƙe.

Saboda haka rubuta sunayen shidan, gwaninka ka sa shi Asabar, ka raba wa iyaye jadawalin tun kafin wasan farko don kada wani ya zo yana neman a ƙara wa ɗansa rana. In ruwan sama ya ɗage wasa aka haɗa muku biyu a yini ɗaya, mai ranar ya ɗauki na farko, wanda aka ɗage wa ya ɗauki na biyu. Makon da wasanninku ba su kai shida ba, haɗa biyu a wasa guda, ɗaya zagaye huɗu, ɗaya uku.