GARGAƊI ga 'yan uwa masu zoɓo da kunun aya, ku yi hattara da mai "haɗa ruwa komplit"

Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah duk wacce take sana'ar abin sha a gida, zoɓo ne, kunun aya ne, lemon citta ko na tsamiya, ta daure ta karanta wannan har ƙarshe ta kuma tura wa wata, don abin da aka yi min ba na so a yi wa kowa wallahi.

Shekarata huɗu ina wannan sana'ar a nan Kano kuma duk mai yin ta ya san ruwa shi ne rabin jarin, da shi za ki wanke robobi, ki jiƙa aya, ki dafa zoɓo, ki sirka. 'Yan garuwa nake saya wa kullum, in zafi ya shigo kuɗin jarka ya tashi wani lokacin ma ki yi ta leƙe har azahar babu mai kura ko ɗaya. Maƙocinmu Allah ya saka masa ya ce in ja layi daga bohol ɗinsa ina ba shi wani abu duk wata, sai na fara neman mai haɗa min. A wani guruf na mata 'yan kasuwa a WhatsApp na ga tallan mutumin, yana kiran kansa injiniya, wai shi aikinsa haɗa wa masu abin sha ruwa komplit, tanki lita 1000, fayif, filta uku, kan famfo har cikin kicin, ko ɗigo ɗaya ba zai zuba ba, garanti shekara guda. Ga hotunan aiki tsaf tsaf, daga baya na gane ba nasa ba ne, a intanet ya kwaso.

Ranar da ya zo ya ce Hajiya kawo ruwan da kike aiki da shi a kofin gilashi. Ya fito da wata 'yar na'ura mai sanduna na ƙarfe ya jona a wuta ya tsoma, kafin minti biyu ruwan ya koma ja-ja baƙi-baƙi da wani kumfa a sama kamar na kwata. Ya ce kin ga abin da kike ba bayin Allah suna sha. Jikina ya yi sanyi, hawaye ya zo min, don ni tun abin da ya faru a Kano a 2021 da mutane suka rasu wasu da yawa aka kwantar a asibiti saboda abin sha da aka haɗa da gurɓataccen ɗan tsami nake tsoron sana'ar nan. Sai ya tsoma a wani ruwa da ya zo da shi a gora, wai na filtarsa, bai canza ba.

To ku ji gaskiyar wannan na'urar don da ita yake kama mutane. Wannan dattin ba daga ruwanki ya fito ba, sandar ƙarfen ce take narkewa in wuta ta bi ta cikin ruwan, tsatsa ce kawai kike gani. Duk ruwan da yake da gishirin ƙasa a ciki, ko na bohol mai kyau ko na roba da kika saya a shago, haka zai yi. Wanda aka cire wa gishirin gaba ɗaya irin wanda ake zuba wa batir shi ne wuta ba ta bi sosai shi ya sa ba ya canzawa. Na'urar ba ta san ƙwayar cuta ba sam. Ƙanina da ya karanta kimiyya shi ya gwada min a gabana bayan komai ya lalace.

A ranar na tura masa kaso mafi yawa na kuɗin, kuɗin adashina ne da na ɗauka da niyyar ƙara firiza kafin azumi. Asusun ma ba sunan da ya faɗa min ba ne a kai, ya ce na yaronsa ne. Rasit babu, ya ce zai haɗo min gaba ɗaya.

Kwana ɗaya suka yi aikin shi da yara biyu. Suka haƙa, suka binne fayif, suka fasa bangon kicin suka shafe da siminti, duk ba a saki ruwa ba. Na ce Malam ba za a gwada ba? Ya ce gam sai ya kwana uku in aka saki ruwa yanzu aiki ya ɓaci, in cika masa kuɗinsa zai dawo ranar Asabar ya buɗe da hannunsa. Na cika. Asabar ɗin da bai zo ba ke nan har yau, kwana biyu yana ce min yana Kaduna wajen aiki, a na uku ya yi blokin ɗina.

Mai gidana ya buɗe ruwan. Sati bai cika ba bangon kicin ya jiƙe fenti yana ɓarewa, ƙarƙashin filta kullum sai na ajiye bokiti, tsakar gida wajen da aka binne fayif ƙasa ta yi laushi, tanki a cika shi da yamma da safe ya sauka sosai ba wanda ya taɓa. Wannan duk asarar kuɗi ce zan iya haƙuri. Abin da ya tayar min da hankali kunun ayata da take kai yamma lafiya a cikin kula da ƙanƙara sai ta fara tsami tun kafin azahar, wata kwastoma ta kira ta ce Anti zoɓon nan yana wani wari kamar fenti. A ranar na zubar da duk abin da na haɗa, robobi sun fi ɗari biyu, na dakatar da sana'a.

Wani dattijo mai gyaran famfo a unguwarmu shi ya zo ya tone. Yana ciro fayif ɗin ya ce 'yata wannan ai na wayar wuta ne, wanda ake zura waya a ciki a bango, ba a yi shi don ya ɗauki ƙarfin ruwa ba, ya matsa da hannu ya lotsa. Gam ɗin da suka sa ba na fayif ba ne, irin na manna takalmi ne, shi gam ɗin fayif ɗin roba (PVC) na gaskiya narkar da fuskar robar yake yi su haɗe su zama abu ɗaya, kuma kwana ɗaya ya ishe shi a saki ruwa. Wajen da ake ɗaurawa da zare maimakon farin tef ɗin nan na famfo leda suka yaga suka naɗa. Ɗan guntun koren fayif PPR da suka sa a waje inda ido yake gani, wanda da injin zafi ake haɗa shi a wajen digiri 260, su da wuta suka gasa bakin suka cusa. Filta uku kuwa da ya kwance, ɗaya babu komai a ciki, ɗaya soson katifa aka yanka aka tura, ɗaya ce kawai da abin tacewa shi ma tsoho ya yi baƙi.

Tankin shi ya fi ba ni tsoro. Irin farin nan ne mai kejin ƙarfe da kamfanoni ke zuba sinadarai, an kankare takardar jikinsa an shafa masa baƙin fenti, ya ce min wai sabon samfuri ne. Ba wanda ya san me aka taɓa zubawa a ciki, kuma roba tana riƙe abin da ta sha ko an wanke da omo sau goma.

Sai Baba mai gyaran famfon ya nuna min abin da ban taɓa tunani ba, ya ce inda ruwa yake fita nan datti yake shiga. Fayif ɗin sun bi da shi ta gefen kwatar gidan, in ruwa na ciki da ƙarfi yana tsartuwa waje, in aka kashe ko tanki ya ƙare fayif ya zama fanko sai ya zuƙo ruwan ƙasar wajen ta wannan tsagar. Zoɓo ko ba komai ana tafasa shi, amma ruwan sirki fa? Kunun aya kuwa ba ta ganin wuta ko kaɗan, daga niƙa sai tata sai roba, kuma yara 'yan makaranta su ne suka fi saya a wajena. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba ina tunanin ko wani ya kwanta ta dalilina ban sani ba.

Yanzu an sake aikin daga farko. Ni da mai gidana da Baba muka je Kofar Ruwa da ƙafarmu muka sayi kaya aka ba mu rasit, fayif mai kauri da rubutun kamfani da girmansa a jiki, sabon tanki baƙi a ledarsa don fari in rana na dukansa gansakuka yake yi. Aka yi masa gini mai ƙarfi don lita 1000 nauyin tan guda ne, wancan a kan bulo huɗu ya ɗora min. Aka sa bawul a gindin tanki da wani kafin filta yadda in wani waje ya samu matsala za a rufe a gyara. Kuma ba a rufe rami ko ɗaya ba sai da aka cika tanki aka kulle duk famfo aka yi alama da alƙalamin maka a inda ruwan ya tsaya aka kwana, da safe yana nan daram, Baba ya bi kowace mahaɗa da tishu yana dubawa ko za ta jiƙe. Sannan ya karɓi kuɗin aikinsa, shi da bakinsa ya ce kar in ba shi sai an gwada. Filtar ma a gabana aka ɓare ta daga leda, ya kuma gaya min ita ƙasa da laka take tarewa, mai gawayin ta rage wari, ba sa kashe cuta, don haka ruwan kunun aya da na sirki yanzu tafasa shi nake in bar shi ya huce ko da gas zai ci.

Da na yi magana a guruf ɗin mata uku suka biyo ni ta gefe, salon iri ɗaya, na'urar tsoma ruwa, biya kafin gwaji, binnewa a rana ɗaya, sai dai kowacce da sunan da ya faɗa mata da lambar da ya kira ta. Ɗaya har yanzu da tankin take aiki ba ta sani ba sai da na tura mata hoton nawa. Mun kai ƙara wajen 'yan sanda da shaidar transfa ɗin kowa, in ke ma ya taɓa zuwa gidanki ki ajiye alat ɗinki da hirarku kar ki goge, ki yi min magana mu haɗa da naki. In kuma tankin nan mai keji yana gidanki yanzu, dan girman Allah ki daina haɗa abin sha da ruwansa daga yau.